Allura da Harsashi: Darasin Keken Tela a Kan Tsohuwar Bindigar Soja

Duk wanda ya ratsa rumfunan teloli a kasuwar Yelwa, ko a Wara, ko a Shanga, zai ga baƙaƙen kekunan ɗinki waɗanda da yawansu sun girmi masu taka su. Zanen ruwan gwal ɗin jikinsu ya goge, teburin ya sha gyara, an sauya bel har an gaji, amma kan keken yana nan daram, yana zuba ɗinki a miƙe, kowace sukar allura daidai da 'yar'uwarta. Yaro ya gada daga maigidansa, maigidan shi ma a hannu ya saya. Gab da Sallah, lokacin da shadda da atamfa suka yi tsibi a rumfa, wannan tsohon ƙarfen ne ke kwana yana aiki. Ba ya jiran wutar lantarki, abin da yake nema ɗigon mai ne da ƙafar da ta iya taku.

Wanda ya gane abin da ya hana keken nan gajiya ya kama hanyar gane tsohuwar bindigar soja, irin wadda kakanninmu suka saɓa suka tafi Bama, wadda 'yan sanda suka daɗe suna riƙewa a ƙofar baitulmali. Zamani ɗaya ya haife su, zamanin da masana'antu suka koyi yanka ƙarfe bisa awo guda, ta yadda noti da aka yi bana zai hau zaren ƙusar da aka yi shekara 20 da suka wuce. Zumuncinsu ma ya wuce kama. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antar Singer da ke Clydebank a Sikotilan, wadda ta cika duniya da kekunan ɗinki, ta riƙa ƙera ma'aunin saiti na baya da kuma banati na bindigar Lee-Enfield lamba 4. Har yau masu tara tsofaffin bindigogi da sunan Singer suke kiran wannan ma'aunin. Hannun da ya saba da awon allura shi aka danƙa wa awon harbi.

Kafin keke ya zo, da hannu ake ɗinki. Gwanin ɗinkin hannu yakan fitar da aikin da ke ɗaukar ido, amma da wuya suka biyu su zo daidai, domin ido da yatsa ne ma'auninsa. Haka bindigar toka take, wadda maharbanmu ke kira adaka. Ta baki ake ɗura ta, kuma maharbi ne ke kintata yawan albarushi da dalma gwargwadon yadda ya saba. Cikin bututunta sumul yake, abin da aka ɗura kuma bai cika shi ba, saboda haka yana fita yana gogar bango, ya kama hanyar da ya ga dama. Ɗurin safe daban, na yamma daban. In damina ta yi nisa albarushi ya sha laima, sai kunama ta faɗi a ji shiru. Shi ya sa gwanintar maharbin gargajiya a ƙafarsa da hancinsa take. Ya san sawu, ya san inda nama ke shan ruwa, ya san ta inda iska ke kai warinsa, ya lallaɓa har sai ya matso kusa. Harbi ɗaya gare shi. In ya kuskure, sake ɗuri yana bukatar lokacin da mugun dawa ba zai ba shi ba.

Yauri ta ga bindigar Turawa tun da wuri. Daga ƙarshen 1805 zuwa farkon 1806 Mungo Park ya gangaro kogin Kwara daga Sansandin, a ƙasar Mali ta yau, yana buɗe wuta ga kwalekwalen da suka matso jirginsa. A Yauri jagoransa Amadi Fatuma ya sauka ya kai gaisuwa da kyaututtuka. Park ya wuce, ya halaka a duwatsun Busa, wurin da ruwan Kainji ya rufe tun 1968. A daminar 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka iso Yauri suna neman takardunsa. Ba su same su ba, amma sun rubuta cewa an nuna musu takobi da wata bindiga mai baki biyu daga cikin kyautar da ya bari, har suka yi musayarta da tasu. Shekara 24 ke nan tana ajiye a garin, kuma da kyanta aka fito da ita. Duk da adonta, ita ma ta baki ake ɗura ta, 'yar gidan adaka ce.

Akwai dalilin da ya sa adaka ta daɗe a hannunmu bayan duniya ta wuce ta. A 1890 manyan ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Burasel, suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani da harsasansu, suka bar ƙofa a buɗe ga bindigogi masu ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai. Da sunan yaƙi da cinikin bayi aka yi ta, amma sakamakonta a fili yake: an bar mu da allurar hannu, su kuwa suka riƙe keke.

Abin da ya raba zamanin biyu ƙaramin abu ne, harsashi. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Cikin wannan ɗan ƙunshin aka haɗa abubuwa huɗu: kwanson tagulla, 'yar hular da ke ba da tartsatsi a gindinsa, garin da aka auna, da kan da ke tashi. Soja ya huta da kintace, masana'anta ta riga ta auna masa, kuma na farko a akwati daidai yake da na ƙarshe. A 1866 Ingila ta ɗauki dabarar wani Ba'amurke, Jacob Snider, ta yanke bayan tsofaffin bindigoginta masu ɗuri ta baki ta sa musu ƙofa, suka koma cin harsashi mai faɗin kusan milimita 15. A 1871 Martini-Henry ta biyo baya. A 1886 Faransa ta fito da Lebel, bindigar soja ta farko mai garin da ba ya hayaƙi. A 1888 Ingila ta karɓi harsashin .303, mai faɗin kusan milimita 7.7, da bindiga mai gidan harsashi a ƙarƙashinta. Cikin shekara 22 kacal aka yi wannan tafiyar.

Ba a daɗe ba gaɓar Kwara ta ji a jikinta. A Janairun 1897 sojojin Kamfanin Neja kimanin 500, da bindigogin Snider da masu jigida irin na Maxim, suka tsaya a gaban dubban dawakin Nupe suka ci Bida. A shekarar ce aka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga, aka yi mata mazauni a Jebba, aka jera sansanoni a bakin kogi har Illo saboda takaddamar Ingila da Faransa a kan Borgu. Yelwa na cikin wuraren da aka ajiye soja. A Oktoban 1898 Laftana Keating da Kofur Gale suka ɗauki 'yan sojoji suka tsallaka wani tsibiri kusa da Yelwa, wanda Turawa suka rubuta sunansa Hela, don su kwashi kwalekwale. Mutanen tsibirin suka ƙi. Labarin da Turawan suka bari ya ce harsashi ya yanke wa sojojin. Keating da Gale da yawancin mutanensu a nan suka kwanta, ramuwar da ta biyo baya kuma ta yi wa masu tsibirin tsanani.

Kowane tela ya san darasin da ke cikin wannan. Keke komai kyansa, in zare ya ƙare a kwarkwaro, ƙarfe ne kawai a kan tebur. Mai allurar hannu yana iya zare daga gefen tsumma ya ci gaba, kamar yadda mai adaka ke samun bukatarsa a wajen maƙerin ƙauye. Bindiga mai awo kuwa a ɗaure take da masana'antar da ke can ƙetaren teku, da jirgin da zai kawo akwati, da ɗan dakon da zai ɗauke shi a ka. Ƙarfinta da rauninta wuri ɗaya suke.

Sai batun dacewa. A rumfar tela za ka ji maigida ya ɗaga murya: "Kai yaro, allura lamba 14 ka sa wa kakin nan? Maza cire ta." Yaro ya ce, "Maigida, ai ta shiga." Maigida ya ce, "Shiga daban, dacewa daban." Siririn yadi da tasa allurar, kaki da tasa, fata da tata, kowacce kuma da kaurin zarenta. In aka saɓa, keke ya riƙa tsallake, zare ya tsinke, ko allura ta karye ta tashi sama. Harsashi ma haka. Na .303, da na G3 wanda sojanmu suka riƙe daga baya, da na AK-47, in ka dubi kawunansu sai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya, don faɗinsu kusan ɗaya ne. Amma kwanson na farko milimita 56 ne kuma da leɓe a gindinsa, na biyu 51, na uku 39. Kowace bindiga an rarake mazaunin harsashinta daidai da siffar nata. Cusa mata baƙo yana iya fasa ƙarfe a fuskar mai harbi, kuma wannan karyewar ta fi ta allura muni nesa ba kusa ba.

Su kansu masu ƙerawa sai da suka koyi wannan da tsada. Abin da ya fifita bindigar soja a kan adaka shi ne tsagogin da aka murɗa a cikin bututunta, waɗanda ke kama kan harsashi su juya shi, ya tafi a miƙe da tsininsa gaba. Bindigar 1888 tana da tsagogi marasa zurfi, ƙirar wani injiniya William Metford, waɗanda suka dace da baƙin albarushi. Da aka sauya gari a 1891 zuwa wanda ake kira kodayit, zafinsa ya riƙa cinye tsagogin bayan harbi dubu kaɗan. An kawo sabon zare, tsohuwar allura ta kasa. Dole a 1895 masana'antar gwamnati da ke Enfield ta fito da tsagogi biyar masu zurfi, daga nan aka sami sunan Lee-Enfield. Murɗin yana cika zagaye ɗaya a kowane inci 10. Harsashin da aka tsayar a 1910, wanda ya ga yaƙe-yaƙen duniya guda biyu, kansa giram 11 ne da ɗoriya, yana barin baki da gudun kusan mita 744 a daƙiƙa, ninki biyu na gudun sauti da 'yan kai, yana juyawa kusan sau 2,900 a daƙiƙar nan guda.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an rufe ta. Tela na gari kafin ya tashi da yamma yakan share ƙurar zare daga ƙoshiya, ya ɗiga mai a ramukan da ya sani, ya lulluɓe kan keke. A aljihun teburinsa akwai 'yar kwalbar mai da sukudireba. Lee-Enfield ma da nata aljihun: a gindin katakonta akwai 'yar ƙofa, a ciki kwalbar mai da igiyar jan tsumma. Hular harsashin wancan zamani tana barin wani gishiri a bututu mai janyo tsatsa cikin dare ɗaya, saboda haka bayan harbi sai an kwarara tafasasshen ruwa a ciki, a busar, a shafa mai. Saje yakan bi layi yana leƙa kowane bututu, wanda aka samu da datti ya san sauran. A lamba 4, wadda aka karɓa a 1941, har kan sakatar an yi shi girma huɗu, daga 0 zuwa 3, don in ƙarfe ya ɗan ci, mai gyara ya sauya wannan guntun kawai bindiga ta koma daidai, kamar yadda mai gyaran keke ke sauya ƙoshiya ya bar kai.

Wannan tarbiyyar ce dubban 'yan Arewa suka tafi da ita Bama a runduna ta 81 da ta 82, tsakanin 1943 da 1945, suka ratsa kwarin Kaladan da dazukan Arakan, suka ci Myohaung a Janairun 1945. A ƙasar da ruwa ke zuba wata da watanni, wanda bai kula da bindigarsa ba ya yi sakaci da ransa. Maƙwabtanmu na ƙasar Zuru sun yi suna a aikin soja tun wancan lokaci, kuma gidaje da dama a kudancin Kebbi suna da kakan da ya dawo da lambar yabo a ƙirji. Bayan samun 'yancin kai soja suka koma bindigogi masu ɗura kansu, aka kafa masana'antar makamai ta Kaduna a 1964, tsohuwar kuwa ta ci gaba da aiki a hannun 'yan sanda, waɗanda ke kiranta Mak 4. A wasu ƙasashe ta fi haka daɗewa. Masu sintirin ƙanƙarar arewacin Kanada sai wajen 2018 aka fara karɓe ta daga hannunsu, 'yan sandan jihar Uttar Pradesh a Indiya kuwa a ranar 26 ga Janairun 2020 suka yi mata faretin ban kwana.

Teloli sun san wani abu kuma. Cikin kekuna goma masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, akan sami guda da ɗinkinsa ya fi laushi da daidaito, shi ake keɓe wa aikin manya. Haka aka yi da lamba 4. Wajen gwaji a masana'anta, waɗanda harbinsu ya fi taruwa wuri ɗaya akan ware su, a aika wa kamfanin Holland & Holland a Landan, ya ɗora musu madubin hange da matashin kunci na katako, a buga lambar madubin a jikin bindigar don kada a raba su. Su ne bindigogin gwanayen harbi daga nesa. A 1970 aka sauya wa wasunsu bututu don su ci sabon harsashi, kuma sun je yaƙin tsibiran Fokland a 1982, kusan shekara 40 bayan ƙera su.

A fagen gasa ne wannan ilimin ya kai maƙura, inda abokin gaba takarda ce. A 1860 Sarauniya Biktoriya ta buɗe gasar harbi a Wimbledon da jan wata igiya da aka ɗaura a kunamar bindigar Whitworth, aka sami tsakiyar allo daga yadi 400. A 1890 gasar ta koma Bisley, inda take har yau. Zagayen ƙarshe na babbar kyautarta daga yadi 900 da yadi 1,000 ake yin sa, ba tare da madubin hange ba. Yadin nan shi ne dai na tela: a jera turmin atamfa kusan 167 baki da baki kafin a kai allon. Harsashi yana shafe fiye da daƙiƙa guda a hanya, yana sunkuyawa ƙasa tun daga fitarsa, iska matsakaiciya kuma tana iya kautar da shi fiye da tsawon mutum. Shi ya sa ake jera tutoci a filin, mai harbi yana karanta su kamar yadda Basarke ke karanta fuskar tafki kafin ya tura jirgi. A 1930 wata mace, Marjorie Foster, ta doke mazan duka ta ɗauki kyautar. A gasar Olamfik kuwa, a harbin mita 50, tsakiyar allon milimita 10.4 ce, faɗin maɓallin riga.

Abin da gwanin gasa ke nema ba sa'ar harbi ɗaya ba ce. Ko yaron da ya fara koyo jiya yana iya dace da suka guda a kan layi. Ana sanin tela ne in an ɗaga riga an bi ɗinkin daga wuya har ƙasa ba a ga inda ya kauce ba. Mai harbi ma da taruwar hudojinsa ake auna shi: goma su zauna kusa da juna. In sun taru ko da a gefe ne, gyara mai sauƙi ne, a murɗa ma'aunin saiti su dawo tsakiya. In sun watse, matsalar a jikinsa take ko a kayansa. Sabon yaro a kan keke yakan fizgi yadi da hannu don ɗoki, allura ta lanƙwashe. Maigida ya ce masa, "Sake shi, ɗana, keke ya san aikinsa, kai dai ka shiryar." Sabon mai harbi ma fizgar kunama yake yi. Gwani yakan daidaita kwanciyarsa, ya sa kunci inda ya sa ɗazu, ya saki rabin numfashi ya tsaya, ya matsa a hankali har bindiga ta tashi. Mai fushi da mai gaggawa ba sa cin wannan gasa.

Da awo da kulawa, na ukunsu lissafi ne. Tela mai amana in ya gama ɗinki yakan naɗe ragowar yadi ya miƙa wa mai shi. A filin koyon harbi na soja, in an ba mutum harsashi 10, kwanso 10 zai dawo da su, in ɗaya ya ɓace a tsaya a nema. Kowace bindiga da lambarta a littafin ma'ajiya da sunan wanda ya sa hannu ya ɗauka. Ko kwanson .303 da ya shekara 80 a ƙasa, in aka goge gindinsa za a ga harafin masana'antar da ta yi shi da shekarar. An yi haka ne don kowane harbi ya zama yana da mai amsa tambaya.

A nan kuma kwatancen ya tsaya, kuma wajibi ne a faɗi inda ya tsaya. Keke haɗawa yake yi, ɗinkin da ya karkace kuwa ana farke shi a sake. Harsashin da ya fita ba ya dawowa, ramin da ya huda ba mai ɗinke shi. Awo kuma ba adalci ba ne. Sojoji masu tsabtar bututu da cikakken lissafi ne suka tsaya a filin Giginya ran 15 ga Maris 1903, su ne a Burmi a watan Yuli na shekarar, su ne suka shafe Satiru a 1906. Mutum yana iya jinjina wa gwanintar maƙeri ba tare da ya manta a kan wa aka fara gwada ta a ƙasarmu ba.

Amma abin da ya same mu yau ya haɗa hasara biyu: ga makami, ga shi ba lissafi. AK-47 tana ɗaukar harsashi 30, tana iya zazzage su cikin daƙiƙa kaɗan, an kuma ƙera ta da sassauci don ta yi aiki ko ba a share ta ba. Bayan rushewar Libiya a 2011 irinta ta ƙara malalowa ta hamada, wasu kuma daga ma'ajiyoyin da aka fasa ko aka ci amanarsu suke fitowa. Yaron da bai taɓa zama gaban malami ko saje ba yana koyonta cikin yini. Ran 17 ga Yunin 2021 masu irin waɗannan bindigogi suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, sai a 2023 'yan matan ƙarshe suka dawo gida. A ƙauyukan Ngaski da Shanga manomi ya san abin da ake nufi da barin gona ba a girbe ba. 'Yan banga da maharban da ke fita tsaron gari da yawansu adaka ce a hannunsu. Tazarar da ta raba mahayin Nupe da sojan kamfani a 1897 ita ce ta dawo, yanzu a tsakaninmu.

Zafin wannan ne ke sa wasu cewa kowane gida ya nemi tasa. Ana fahimtar zuciyar mai faɗin haka, amma ƙarin makami marar lissafi ba ya warkar da ciwon da rashin lissafi ya kawo. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na soja, har da .303 da ta ambata da sunanta, haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta irin na zamani suna bukatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Adaka da 'yan'uwanta kuwa al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Abin da ya kamata mu matsa a kai shi ne a tsananta lissafin daga sama: kowace ma'ajiyar gwamnati a riƙa ƙidaya ta da gaske, duk kwanson da aka tsinta bayan hari a karanta gindinsa a bi sawunsa har inda ya fito, a sa ido a mashigun ruwa da kasuwannin bakin tafki kamar yadda ake sawa a kan titi, maharba da 'yan banga kuma a yi musu rajista da horo a ƙarƙashin hukuma da sarakuna. An kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021. Mutanen bakin Kainji suna da haƙƙin ganin aikinta a ƙasa.

Tsofaffin bindigogin kuwa wurinsu gidan tarihi. Argungu ta nuna hanya da Gidan Tarihin Kanta, inda makaman Kabawa ke ajiye kowa yana gani. Masarautar da Park ya ratsa, wadda Lander suka yi makonni a cikinta, wadda kowace shekara ke tara baƙi a bikin Rigata, ta cancanci ɗaki irin wannan. A tattara adakar tsofaffin sarakunan baka waɗanda aka daina harbawa, da lambobin yabo da takardun sallamar sojojin Bama da ke cin ƙura a akwatunan jikoki, a nemi hukuma ta ba da Mak 4 guda da aka toshe, a rubuta bayanin kowanne da Hausa. Mafi gaggawa kuma, a zauna da dattawan Gungawa, mutanen tsibiran kogin nan, a ɗauki muryarsu. Labarin 1898 har yanzu daga bakin waɗanda suka zo karɓar kwalekwale ake karanta shi a littattafai. Jikokin waɗanda suka hana suna nan a ƙauyukan da aka mayar da su bayan cikar tafki, kuma kowace shekara masu riƙe da abin da aka gaya musu raguwa suke yi.